Ɗora saba a kan Raspberry Pi a Legas: amsar tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tambayoyin nan goma sha biyu ne ke ta juyawa, ko daga mai shagon waya a Agege, ko ɗalibi a Idi-Araba, ko mai son ajiye lissafin kaya a Mile 12. Saba ita ce kwamfutar da ake bari a kunne dare da rana tana yi wa sauran na'urori hidima, kamar ajiyar fayil ko lissafin shago. Raspberry Pi kuma kwamfuta ce da duk kayanta ke kan fanel ɗaya mai girman katin ATM. A karanta duka kafin a sake turo tambaya.

Malam, zan iya kunna shi da cajar wayata?

A'a, ɗan'uwa. Pi 4 yana son bolt 5.1 da amp 3 ta bakin USB-C. Pi 5 yana son amp 5, shi ya sa cajarsa ta asali wat 27 ce. Cajar waya mai saurin caji tana ba da wat ɗin da aka rubuta a jikinta ne a bolt 9 ko 12, a bolt 5 kuwa sau da yawa amp 2 kawai take iyawa. Dogon kebul siriri ma yana cinye ƙarfi a hanya. Da zarar ƙarfin ya sauka ƙasa da bolt 4.63, Pi zai rage gudu, faifan da ke jikin USB ya riƙa yankewa, kai kuma ka ce manhaja ce ba ta da kyau.

Wace babbar manhaja zan ɗora?

Raspberry Pi OS Lite mai 64-bit. In ka riga ka saba da Ubuntu, ɗauki Ubuntu Server na LTS, wato wanda ake daɗe ana sabunta shi. Kada ka ɗora mai tebur da hotuna, ba ka buƙatarta, RAM kawai za ta cinye.

Windows fa?

Bar maganar. Ƙwaƙwalwar Pi ta ARM ce, manhajojin kwamfutar ofis ba sa hawa kanta kai tsaye.

Ba ni da sikirin da kibod, sai na saya?

Ba sai ka saya ba. Sauke Raspberry Pi Imager a laftop, zaɓi manhaja, zaɓi katin memorin da Pi zai tashi daga kansa, kuma kafin ka rubuta ka cika saitin: sunan na'ura, sunanka, kalmar sirri, sannan ka kunna SSH, wato hanyar shiga Pi daga laftop ta rauta. Tun 2022 aka cire tsohon suna "pi" da ke zuwa a shirye, don haka duk darasin da ya ce ka shiga da shi ya tsufa. Saka kati, jona kebul ɗin intanet daga rauta, ka ba shi minti biyar a tashin farko, musamman Ubuntu. Sai ka buga `ssh sunanka@sunanna'ura.local` da sunayen da ka saka. In bai amsa ba, duba adireshin IP ɗinsa a shafin rauta, kuma tun kana wurin ka ɗaure masa adireshin don kada ya canja gobe.

Na sayi katin memori mai giga 128 da araha, zai yi?

Gwada shi kafin ka ɗora komai a kai. Duk inda ake sayar da kati, daga Computer Village a Ikeja har Alaba, na gaskiya da jabu suna cakuɗe, kuma kwalin ba ya nuna komai. Katin jabu yana nuna giga 128 alhali ainihin cikinsa ƙanƙane ne, in ya cika sai ya fara rubutu a kan tsofaffin fayiloli ba tare da ya ce uffan ba. A Windows yi amfani da H2testw, a Linux `f3write` sannan `f3read`. Gwajin yana cin lokaci, ka daure. Kati mai giga 32 na gaskiya mai alamar A1 ko A2 ya fi wancan sau goma.

Ranka ya daɗe, a unguwarmu ana ɗauke wuta sau da yawa a rana. Fawa-banki zai riƙe shi, ko me zan saya?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Ta danganta da abin da sabar ke yi da kuma abin da ke gidanka.

Fara da fahimtar abin da ke lalacewa. Yankewar wuta ba ta cika ƙona Pi ba, katin take ɓatawa. Tsarin fayil na ext4 yana iya gyara kansa bayan mutuwar bazata, amma shi katin yana da nasa aikin na ciki, yana ta kwashe bayanai daga wannan gurbi zuwa wancan, kuma in wuta ta yanke a tsakiyar wannan, abin da ya ɓaci zai iya zama fayil ɗin da ba ka taɓa ba tun watan jiya. Zai iya tsallake yankewa hamsin lafiya, ta hamsin da ɗaya ya ƙi tashi.

Fawa-banki yana iya yi, yana kuma iya ƙin yi. A lissafi ba matsala: mai 20,000 mAh yana ɗauke da kusan wat-awa 74, in ka cire asarar juyi ka bar kamar 55 zuwa 60. Pi 4 a zaune yana jan wajen wat 3, da faifan SSD a jiki ka ƙaddara wat 5, kenan awa goma ko fiye kaɗan. Matsalar tana wajen sauyi. Da yawa daga cikinsu ba sa caji su ba da wuta lokaci guda, waɗanda ke yi ɗin ma wasu sukan yanke na ƙiftawar ido a lokacin da aka ɗauke wuta ko aka dawo da ita. Waya ba ta jin wannan saboda tana da batir. Pi ba shi da shi, sake tashi zai yi, wato daidai abin da kake gudu. Kwali ba zai faɗa maka ba. Jona Pi a fawa-bankin, fawa-bankin a bango, ka zare daga bango ka mayar sau goma, kowane karo ka buga `uptime`, mai nuna tsawon lokacin da ya yi a kunne. In lokacin ya koma sifili ko sau ɗaya, bai yi ba.

Ƙaramin UPS ɗin da ake sayarwa don rauta, wato akwatin batir mai riƙe na'ura in an ɗauke wuta, ya fi dacewa, domin an yi shi ne don kada ya yanke. Amma duba bakin bolt 5 ɗinsa, yawanci amp 2 ne ko ƙasa. Pi 4 da ba a jona masa komai ba zai iya lallaɓawa da shi, da SSD kuwa ina shakka. Akwai kuma fanel ɗin UPS da ke hawa kan Pi kai tsaye da batir 18650. Amfaninsa shi ne wasu suna iya sanar da Pi cewa batir ya kusa ƙarewa, ya kashe kansa cikin tsari. Sai dai ingancinsa yana ga batiran, kuma 18650 ma jabunsa ya yi yawa. In akwai inbata a gidan, jona caja ta asali a layinta ka yi gwajin zarewa ɗin nan, sau da yawa ya wadatar. Janareta kuma kada Pi ya kasance a jone kai tsaye lokacin tayarwa, bari ta daidaita tukuna.

Sannan rage abin da za ka yi asara. In sabar ba ta ajiye sabon abu, kunna Overlay File System a `raspi-config`: duk rubutu zai tafi RAM, katin ya zauna a kulle, a ɗauke wuta yadda aka ga dama. Amma kowane canji yana gogewa in ya sake tashi, don haka bai dace da lissafin shago ba. Mai lissafi ya koma SSD ta USB, wanda Pi 4 da Pi 5 duk suna iya tashi daga kansa, ya samu batir mai kashewa cikin tsari, ya kuma riƙa kwafe bayanai zuwa wata na'ura kullum. Ko da duk wannan, ba zan ce maka ba za ta taɓa lalacewa ba. Abin da za ka samu shi ne in ta lalace, cikin awa ɗaya ka dawo da ita. Kada kuma ka manta rautar ma tana son batir, in ba haka ba sabar tana kunne amma babu mai isa gare ta.

Na kunna, jar fitila ta kama, amma shiru.

Kwantar da hankalinka, da wuya a ce ya ƙone. Kalli koriyar fitila. Ƙiftawa huɗu gajeru a jere na nufin bai ga fayil ɗin tashi ba, bakwai kuma bai ga kernel ba, wato zuciyar babbar manhajar. Duka biyun, sake rubuta katin. In jar ce ke ɗaukewa tana dawowa a Pi 4, koma tambayar farko.

Umarnin sabunta jerin manhajoji, `apt update`, yana cewa fayil bai fara aiki ba tukuna.

Agogo ne. Pi 4 ba shi da agogo mai batir, in ya tashi kafin intanet ta zo sai ya zauna a tsohon lokaci. Jira ya samu intanet, duba da `timedatectl`, kuma ka saita `sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos`. Pi 5 yana da agogon, amma batirinsa daban ake saye.

Ya tashi, ina shiga. Shikenan na gama?

Ba ka gama ba, kuma nan ne mutane ke gaggawa su zo suna kuka daga baya. Yi `sudo apt update` da `sudo apt full-upgrade`. Saka `stress-ng`, manhajar da ke ɗora wa Pi aiki mai nauyi don gwaji, ka buga `stress-ng --cpu 4 --timeout 15m` da rana tsaka, a cikin akwatinsa, a daidai wurin da zai zauna, da duk abin da za ka jona masa. Gwajin da aka yi a ɗaki mai AC ba ya gaya maka halin bayan kanta a watan Maris. Yana cikin aiki ka duba `vcgencmd measure_temp`. Daga digiri 80 yake fara rage gudu, a 85 ya rage sosai. In ya gama, buga `vcgencmd get_throttled`. Amsar da kake so ita ce `0x0`. In ka ga `0x50000`, wuta ta taɓa gazawa tun da ya tashi, `0x50005` kuma yanzu haka tana gazawa. Bayan wannan ka bar shi kwana uku a kunne ba tare da muhimmin abu a ciki ba, ka sake dubawa.

Dole ne fanka?

A zafin Legas, Pi 5 dole. Pi 4 akwatin ƙarfe mai shan zafi yakan isa. Kada ka rufe shi a durowa, kada ka ajiye shi gefen taga inda damshin damina ke shigowa.

Ina son shiga sabar daga Kano in na je gida. Na buɗe ƙofa a rauta don a riƙa shigowa daga waje amma bai yi ba.

In intanet ɗinka ta layin waya ce, da wuya ya yi. Kamfanonin waya sukan haɗa mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya. Duba adireshin waje a shafin rautarka: in ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, buɗe ƙofa ba zai yi aiki ba. Saka manhajar Tailscale a Pi da wayarka, ita za ta haɗa su ba sai ka buɗe ƙofa ba.

Kalmar sirrina gajera ce, ai a gida yake.

Haba ɗan'uwa. Duk wanda ka taɓa ba Wi-Fi ɗin shagonka yana layi ɗaya da sabar. Yi `ssh-keygen -t ed25519` a laftop don ƙirƙirar makullin shiga, tura makullin zuwa Pi da `ssh-copy-id`, tabbatar kana shiga da shi, sannan ka mayar da `PasswordAuthentication` zuwa `no` a saitin SSH. Kada ka rufe tagar da kake ciki sai ka gwada shiga ta wata sabuwa.