Amincewa da Magani Ba Ita Ce Ƙarshen Bincike Ba

Mutane da dama sun daɗe suna ɗauka cewa da zarar hukuma ta amince da magani, an gama sanin duk amfaninsa da illarsa. Wannan kuskure ne, kuma yana damuna domin yana sa a yi sakaci.

Kafin amincewa, akan raba masu jinya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu sabon maganin, wasu kuma tsohon magani ko ƙwayar da ba ta ɗauke da sinadari, sannan a kwatanta. Hujja ce mai ƙarfi, amma yawanci mutane 'yan dubbai ne ke shiga, na ɗan lokaci, kuma sau da yawa ba a sanya masu juna biyu ko tsofaffi masu cututtuka da yawa. Illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu goma tana iya ɓuya.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da Vioxx, maganin ciwon gaɓoɓi, a 1999, amma aka janye shi a 2004 bayan wani dogon gwaji ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa ake ci gaba da tattara rahotannin likitoci da bayanan asibitoci bayan magani ya shiga kasuwa.