Waiwaye: Ina Takardun Kakanninmu na Jos Suka Shiga?

Tun kafin Bature ya kafa ofis a ƙasar nan, malamanmu suna da tsarinsu na adana rubutu. Warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, a haɗa su cikin tadarishi, a zura a gafaka, a rataye a bango don kada gara da laima su kai gare su. Ban da fiƙihu da waƙoƙin ajami, a gefen shafi mutum kan rubuta ranar da aka haifa masa ɗa, ko bashin da yake bin wani, ko shekarar da aka yi fari.

Adanawa irin ta gwamnati daga baya ta zo. A 1954, bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, aka buɗe ofishin adana takardu a Ibadan, a 1957 aka yi masa doka, sannan aka samu rassa a Kaduna da Enugu. Kaduna ce ta karɓi fayilolin lardunan Arewa, har da na Lardin Filato da aka ƙirƙiro a 1926: rahotannin Razdan da Di'o, lissafin haraji, da takardun haƙar kuza. Dokar da hukumar take aiki da ita an sabunta ta a 1992.

Jos ma ba a bar ta a baya ba. A 1952 Bernard Fagg ya buɗe gidan kayan tarihi na garin. Yawancinmu gumakan Nok muka san shi da su, sai gidan namun dajin da ke kusa da shi inda ake kai yara da Sallah. Kaɗan ne suka san cewa a can akwai tarin rubuce-rubucen hannu na Larabci, waɗanda aka buga jerin sunayensu tun 1965 tare da na Lugard Hall da ke Kaduna. A 1970 kuma Arewa House, cibiyar adana takardun tarihi da bincike, ta zo a gidan Sardauna da ke Kaduna, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith.

To amma abin da ke damuna shi ne, fayil ɗin gwamnati abin da ya dami gwamnati kawai yake ɗauke da shi. Leburan da ya biyo ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya, jirgin da ya fara isowa Jos a 1914, a cikin fayil lamba ce kawai. Sunansa, garinsu, wanda ya sauke shi a unguwar Gangare, wasiƙar da ya aika wa mahaifiyarsa, duk suna cikin adakar gidansu, in har adakar tana nan. Wanda yake son sanin darajar irin waɗannan takardu ya dubi na Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano. Dubban warƙoƙinsa yanzu suna Jami'ar Northwestern a Amurka, masu bincike suna ta cin moriyarsu. Sun tsira, Alhamdulillahi, sai dai ɗalibinmu sai ya haye teku ko ya nemi hotonsu.

Mu a Jos asarar ta fi ta ko'ina ciwo. Rikicin 2001, gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002, sannan rikice-rikicen 2008 da 2010. An ƙirga rayuka da gidaje, kuma haka ya kamata, amma ba wanda ya ƙirga takardun filaye, da littattafan bashi na 'yan kasuwa, da kundayen malamai da suka zama toka. Abin da wuta ta bari kuma, rabon gado yana ƙarasa shi. A raba gida da gona bisa shari'a, adakar takardu a tura ta ƙarƙashin gado, damina biyu sai ka buɗe ka tarar tawada ta narke, warƙoƙi sun manne da juna.

Yau wayar hannu ta sauƙaƙa ɗaukar hoto, matasa kuma sun fara. Sai dai hoto kaɗai bai isa ba. Dole a zauna da dattijon gidan ya karanta rubutun, domin ajamin da ba kowa ke iya warware shi ba, a rubuta wanda ya rubuta takardar, da wanda aka aika wa, da unguwar da aka same ta. Ita kuma takardar a cire ta daga leda, a sa ta tsakanin farar takarda mai tsabta, a ɗaga ta daga ƙasa.