Waiwaye: Gyaɗar da ta raini iyaye, take kai 'ya'yansu asibiti a Turai

A Zariya gyaɗa ba baƙuwa ba ce. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa garin ya isa Kano wajen 1911 ta zama amfanin gonar da ake kai wa Turai a wancan zamani, kuma har gobe cibiyar binciken aikin gona ta Samaru na fitar da irin da ake kira SAMNUT. Ƙuli-ƙuli, yajin tsire, miyar taushe, kunun gyaɗar da ake ɗura wa yaro gab da yaye, duk ita ce. Shi ya sa idan malamin jami'a ya dawo hutu daga Ingila ya ce, “Hajiya, don Allah kada a ba yaron nan ƙuli, jikinsa ba ya so,” sai kakar ta riƙe haɓa. Jikanta ne zai ƙi gyaɗa? Ai iyayi ne irin na 'yan boko.

Ba iyayi ba ne. Garkuwar jikin wasu yara tana ɗaukar gyaɗa, ko yazawa da danginta, a matsayin abokiyar gāba, wato rashin jituwa da gyaɗa. Cikin mintoci sai borin jini ya feso, leɓe ya kumbura, amai ya biyo baya, wani lokaci maƙogwaro ya toshe, sai an yi gaggawar allurar adirenalin kafin numfashi ya dawo.

Da matsalar ta yawaita a ƙasashen Yamma, likitoci sun fara da ɗora laifin a kan gado, kuma suna da hujja. Wani bincike da aka yi kan tagwaye a Amurka a 2000 ya gano cewa idan ɗaya daga cikin tagwaye masu kama ɗaya yana da ita, a kashi 64 cikin ɗari ɗan'uwansa ma yana da ita, alhali a tagwayen da ba su kama ba kashi 7 ne kacal. Tun 1998 hukumomin Birtaniya suka shawarci iyalan da ke da tarihin asma da ƙaiƙayin fata su nisanta yara da gyaɗa har shekara 3, likitocin yara na Amurka suka bi sahu a 2000. Iyaye suka bi, amma lamarin bai lafa ba.

Abin da ya juya akalar shi ne wani kwatance da Farfesa Gideon Lack na Landan da abokan aikinsa suka wallafa a 2008. Sun duba yaran Yahudawa a Birtaniya da na Isra'ila, asali ɗaya ke nan, sai ga na Birtaniya sun ninka na Isra'ila kusan sau 10 wajen kamuwa da matsalar. Bambancin? A Isra'ila jarirai na tsotsar wani abin maƙulashe na gyaɗa mai suna Bamba tun suna 'yan watanni. Wani gwajin likitoci mai suna LEAP na 2015, kan jarirai 640 masu haɗarin kamuwa, ya tabbatar da zargin: waɗanda aka fara ba su gyaɗa da wuri, kashi 3 suka kamu zuwa shekara 5, waɗanda aka hana kuwa kashi 17. A 2017 Amurka ta koma cewa a ba su da wuri. Wato abin da matan unguwannin Tudun Wada da Kwarbai a Zariya ke yi da ludayin kunu, shi masana suka dawo kansa bayan dogon zagaye.

Tasirin wurin haihuwa kuwa ya fi fitowa fili a Ostireliya. A birnin Melbon an ga jariran da iyayensu suka fito daga gabashin Asiya sun ninka sauran a kamuwa wajen sau 3, amma yaran Asiya da aka haifa a can gida sannan aka yi ƙaura da su, abin bai cika kama su ba. Jini ɗaya, wurin haihuwa daban. Masana na danganta hakan da irin ƙwayoyin halittar da jariri ke cuɗanya da su, da hasken rana, da kuma fata: idan ƙurar gyaɗa ta shiga ta fatar da ta tsattsage kafin ta shiga ta baki, jiki kan yi mata mummunar fahimta.

A nan Afirka ta Yamma akwai abin lura. A Ghana an auna jinin 'yan makaranta a wani bincike na 2013, da yawa sakamakon ya nuna alamar rashin jituwa da gyaɗa, alhali suna cinta lafiya lau. Tsutsar tsargiya ce ke ruɗa gwajin. A Afirka ta Kudu kuma yaran birnin Kef Tawun sun fi na karkara fama da rashin jituwa da abinci nesa ba kusa ba. Wannan ne ya kamata ya dame mu, don Zariya ma birni take ƙara zama, kuma iyaye mata da yawa sun koma abincin gwangwani wajen yaye.

Ni dai a ganina, yaron da likita ya tabbatar yana da rashin jituwa da gyaɗa, ba a gwada shi da “ɗan kaɗan don ya saba”, ko da man ƙuli ne a miya. Jariri mai lafiya kuwa a ci gaba da ba shi kununsa daga wata 6, a niƙe, ban da ƙwaya don gudun shaƙewa. Wanda fatarsa ke yawan tsagewa da ƙaiƙayi, a fara kai shi wurin likitan yara tukuna.