Istimna'i da Tsarkin Jiki a Koyarwar Kirista

Istimna'i, wanda a bakin jama'a ake ce wa wasa da al'aura ko biyan buƙata da hannu, shi ne mutum ya motsa gabansa da gangan don ya ji daɗin jima'i shi kaɗai. A koyarwar Kirista ana kawo shi ne a babin tsarkin jiki da kamun kai, tare da zina, fasikanci da kallon batsa. Bakin ikilisiyoyi bai zo ɗaya a kansa ba. Katolika da Otodoks na ɗaukar aikin kansa a matsayin zunubi. Yawancin Furotesta masu riƙo da bishara suna hana shi ne saboda sha'awar da ke tafe da shi, wasu kuma sun bar shi tsakanin mai bi da lamirinsa. Tushen saɓanin shi ne Littafi Mai Tsarki bai ambaci aikin da sunansa ko sau ɗaya ba, don haka kowane ɓangare yana ciro hukuncinsa daga wasu ayoyi da kuma yadda ya fahimci dalilin da Allah ya halicci jima'i.

Ayoyin da ake kafa hujja da su

Wadda aka fi jawowa ita ce labarin Onan a Farawa 38. Yahuza yana da 'ya'ya uku, Er da Onan da Shela. Er ya mutu ya bar matarsa Tamar ba ɗa ba jika, sai Yahuza ya umarci Onan ya shiga wurinta ya samar wa ɗan'uwansa zuriya, bisa al'adar da daga baya aka rubuta a Maimaitawar Shari'a 25. Onan ya san ɗan da za a haifa ba nasa zai zama ba, na marigayin ne, kuma yaron ne zai ci gadon ɗan fari. Saboda haka duk lokacin da ya kwana da Tamar sai ya zubar da maniyyinsa a ƙasa. Nassin ya ce abin da ya yi mugu ne a gaban Ubangiji, Ubangiji kuwa ya kashe shi.

Duk wanda ya karanta surar a natse zai ga Onan ba shi kaɗai yake ba, yana tare da mace, kuma abin da ya yi shi ne janyewa kafin zuwan maniyyi. Shi ya sa mafi yawan masu fassara na wannan zamani, Katolika da Furotesta, suke cewa laifinsa cin amana ne: ya more matar, ya hana ta haihuwar da ita ce gatanta, ya kuma so ya shafe sunan yayansa. Malaman da suka gabata sun faɗaɗa ma'anar. Agustin (354–430), bishop na Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yau, ya ɗauki labarin hujja ce a kan hana ɗaukar ciki. Martin Luther da John Calvin, jagororin Furotesta na farko, duka sun yi kakkausan suka ga aikin Onan a sharhinsu na Farawa. Ta wannan hanya ce sunan Onan ya liƙe wa istimna'i, aikin da ba shi ya yi ba.

Littafin Firistoci 15:16-18 ya ce wanda maniyyi ya fita masa ya yi wanka, ya zauna da ƙazanta har faɗuwar rana. Amma aya ta 18 ta ɗora wa miji da mata wannan hukuncin bayan sun kwana tare, wanda ke nuna maganar tsarkin shiga sujada ake yi, ba laifi ba. Haka ma Maimaitawar Shari'a 23:10-11 game da wanda ya yi mafarki a sansanin yaƙi.

Hujjar da ta fi nauyi tana Sabon Alkawari. A Matiyu 5:27-30 Yesu ya ce wanda ya dubi mace duban sha'awa ya riga ya yi zina da ita a zuciyarsa, ya kuma ce in ido ko hannun dama ne ke sa mutum tuntuɓe, gara a rabu da shi. Bulus ya ce jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki (1 Korintiyawa 6:18-20), ya ce nufin Allah shi ne kowa ya san yadda zai mallaki jikinsa cikin tsarki da mutunci (1 Tasalonikawa 4:3-5), ya lissafa kamun kai cikin amfanin Ruhu (Galatiyawa 5:23). Shi ne kuma ya ce wanda ba zai iya daurewa ba ya yi aure (1 Korintiyawa 7:9). A nan ne muhawarar gaskiya take: shin ana iya yin aikin ba tare da zuciya ta yi wa wani ko wata duban sha'awa ba?

Yadda koyarwar ta ginu

Masu zaman zuhudu ne suka fara ba batun muhimmanci, tunda su suka yi alkawarin zama ba aure. John Cassian (wajen 360–435) ya yi dogon rubutu a kan yaƙi da sha'awa, har da mafarkin dare. Daga ƙarni na 6, littattafan tuba da suka fito daga Ailan da Ingila suka riƙa ƙayyade kwanakin azumi ga wanda ya furta wannan zunubi, kuma galibi horon yaro ya fi na babba sauƙi, na malamin ikilisiya ya fi tsanani. Toma Akwinas (1225–1274), babban malamin tauhidin Katolika, ya sa shi cikin zunuban da suka saɓa wa halitta, domin a ganinsa an yi gaɓoɓin jima'i ne don haihuwa, duk amfanin da ya toshe wannan ƙofa kuwa ya kauce wa tsarin Mahalicci.

Tsoron da likitoci suka shigo da shi

Yawancin abin da ake tsorata matasa da shi a yau ba daga Nassi ya fito ba, ba kuma daga malaman tauhidi ba. A farkon ƙarni na 18 aka buga wata ƙasida mai suna Onania a Landan, ba sunan marubuci, tana jingina wa istimna'i cututtuka barkatai, tana kuma tallar maganinsu. A 1760 likitan Suwizalan Samuel-Auguste Tissot ya fitar da littafi da Faransanci wanda ya ba wannan tsoro rigar ilimi: raunin gani, ramewa, mantuwa, har hauka. Maganar ta yi ƙarni ɗaya da rabi tana yawo a asibitoci da makarantun kwana na Turai da Amurka, masu wa'azi suka ɗauka, ta shiga littattafan tarbiyya. Ellen White, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ikilisiyar Adbentis, ta yi irin wannan gargaɗi a 1864.

Ilimin likitanci na yanzu ya yi watsi da waɗannan da'awoyi. Istimna'i ba ya makantar da mutum, ba ya haukatarwa, ba ya ƙarar da maniyyi, ba ya hana haihuwa. Wannan bai warware tambayar zunubi ba, domin tambayar addini daban take da ta asibiti, amma wajibi ne a raba su. Mai wa'azin da ya tsorata yaro da makanta ya jingina koyarwarsa a kan ƙarya, ranar da yaron ya gano haka kuwa, sauran maganar ma ba za ta shiga kunnensa ba.

Matsayin Katolika

Katolika ce ke da rubutaccen matsayi mafi fayyace. Sanarwar Persona Humana ta 1975 da Katikisim na Ikilisiyar Katolika na 1992, sakin layi na 2352, sun ce aikin a kan kansa karkatacce ne ƙwarai, domin yana neman daɗin jima'i a wajen aure, inda babu miƙa kai ga juna, babu kuma ƙofar haihuwa. Tun 1929 Ofishi Mai Tsarki na Roma, ofishin fadar Paparoma mai kula da koyarwa, ya ƙi yarda da shi ko don a sami maniyyin gwajin cuta.

Sai dai sakin layin bai tsaya nan ba, rabinsa na biyu kuwa shi aka fi mantawa. Ya ce kafin a auna laifin mutum sai an duba ƙuruciyar hankali, ƙarfin sabo, damuwa, da sauran matsalolin zuciya da na zaman jama'a, waɗanda ke iya rage laifin har ya zama kaɗan ainun. A koyarwar Katolika zunubi mai kisa yana buƙatar abu uku: babban al'amari, cikakken sani, da cikakkiyar yarda. Shi ya sa Fada mai hankali, in saurayi ya durƙusa a wurin furta zunubi ya ce, "Fada, na sake faɗuwa," ba ya fara da tsawa. Yakan tambayi yadda abin ke faruwa, da wane lokaci, da abin da ke jawo shi, sannan ya ce, "Ɗana, tashi ka ci gaba da addu'a, kada ka guji Jibin Ubangiji."

Furotesta da Fentikos

Furotesta ba su da hukuma ɗaya da ke yanke magana. Luther, wanda ya bar zaman zuhudu ya yi aure a 1525, ya ɗauki aure a matsayin maganin da Allah ya tanada wa sha'awa, wannan tunani kuma har yau shi ne ginshiƙi. Mafi rinjaye suna cewa da wuya a raba aikin da mugun tunani ko batsa, don haka a guje shi. Wasu masu ba da shawara, irin su James Dobson na Amurka, sun ga cewa nauyin jin laifi da ake ɗora wa matasa ya fi aikin kansa ɓarna. Wasu ikilisiyoyin Turai ba sa ƙidaya shi zunubi sam. A 1993 'yan Baptis na jihohin kudu na ƙasar Amurka suka fara kamfen ɗin True Love Waits, inda matasa ke sa hannu a katin alkawarin kame kai har aure, salon ya kuma bazu zuwa Afirka a shekarun da cutar ƙanjamau ta yi tsanani.

A majami'un Fentikos da yawa ana danganta abin da aljanu, musamman namijin dare ko macen dare, ana kuma yin addu'ar kuɓutarwa da azumi. Sauran ikilisiyoyi suna ɗari-ɗari da wannan, domin yana iya sa mutum ya ɗora wa aljani abin da ya kamata ya ɗauki alhakinsa, ko ya sa yarinyar da ta yi mafarki kawai ta ɗauka an aure ta a ɓoye.

A arewacin Kamaru da Cadi

Kiristanci ya shigo wannan yanki a makare. Mishan na Lutheran daga Amurka da Norway suka kafa tushe a shekarun 1920, daga nan aka sami ikilisiyar Lutheran ta Kamaru (EELC) mai hedkwata a Ngawundere, da ikilisiyar 'Yan'uwa Lutheran (EFLC) wadda ta yi ƙarfi a wajen Yagoua da Kaélé, da 'yar'uwarta a ƙetaren iyaka a Cadi. Limaman Katolika na ƙungiyar Oblat sun iso a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na farko na Garwa. Yawancin Hausawan Garwa, Marwa, Kusiri da Injamena Musulmi ne, Fulatanci da Faransanci, ko Larabcin Cadi, su suka fi yawa a majami'u. Amma ana sujada da Hausa a wurare da dama kusa da iyakar Najeriya, musamman a sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, inda Kiristocin da suka gudo daga yankin Gwoza suka zo da Littafi Mai Tsarki da waƙoƙinsu na Hausa.

Zama da maƙwabta Musulmi yana da tasiri. Mazhabar Malikiyya da ake bi a yankin ta haramta istimna'i, tana kafa hujja da Suratul Mu'minun, aya ta 5 zuwa 7. Saboda haka saurayi Kirista da abokinsa Musulmi kusan gargaɗi iri ɗaya suke ji, kuma kunya iri ɗaya ce ke rufe musu baki. Uba ba ya wannan magana da ɗansa, uwa ba ta yi da 'yarta. A kan mumbari sai dai a ce "ƙazanta" ko "zunubin ɓoye" a wuce.

Inda maganar ke fitowa fili shi ne taron matasa na lokacin hutu. Akan ajiye kwali a bakin ƙofa, kowa ya rubuta tambayarsa a guntun takarda ba suna, ya naɗe ya jefa. Da yamma fasto ko katikis ya zauna ya riƙa warwarewa ɗaya bayan ɗaya. In ya zo kan wannan tambaya, ɗakin kan yi tsit, samari su sunkuyar da kai, wasu su yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sau da yawa tambayar ba ta hukunci ba ce kawai: "Baba Fasto, in na yi aure zan haihu kuwa?" Wannan tsoron yana da masu cin riba da shi. A ranar kasuwa mai maganin gargajiya kan kafa lasifika a bakin tasha yana lissafa ciwon baya, jiri da ƙanƙancewar gaba, duk ya ɗora su a kan wasa da al'aura, ga kwalbarsa a hannu.

Abu biyu suka ƙara tsananta lamarin. Na farko jinkirin aure. Shawarar Bulus ta a yi aure tana da sauƙin faɗa, amma a ƙabilu irin su Masa da Tupuri dukiyar aure shanu ce, ga karatu da ke cin shekaru, ga rashin aikin yi, sai saurayi ya wuce talatin bai ajiye iyali ba. Na biyu waya. Batsar da a da sai an sha wahala kafin a gan ta, yanzu tana shigowa ta intanet ko a tura ta daga waya zuwa waya a rumfar caji. Shi ya sa fastoci da yawa, har waɗanda ke sassauci a kan istimna'i, ba sa sassauci ko kaɗan a kan batsa.

Mata kuwa kusan an bar su a baya. Wa'azin yakan ɗauka matsalar samari ce, tsarkin budurwa kuma a auna shi da budurci kaɗai, don haka yarinyar da ke fama da abin ba ta da wanda za ta tunkara, sai in ta dace da dattijuwa mai riƙon sirri a zumuntar mata. Haka ma gwauraye, zawarawa, da ma'auratan da aiki ko gudun hijira ya raba: Katolika ba ta canza musu hukunci ba, malaman Furotesta kuwa sun rabu, wasu na ganin da sauƙi in tunanin mutum na kan matarsa ko mijinta.

Akwai kuma waɗanda abin ya zame musu jaraba har ya hana su karatu, aiki ko zaman aure. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, da ya fara aiki a 2022, ya amince da cutar kasa sarrafa sha'awar jima'i, amma ya fayyace cewa damuwar da ta taso daga jin laifi na addini ko al'ada kaɗai ba ta isa a ce mutum yana da cutar ba. Mai irin wannan larura yana buƙatar likita ko ƙwararren mai ba da shawara tare da fastonsa, irin waɗannan ƙwararru kuwa ƙalilan ne a yankin, galibinsu a manyan birane suke.