Birnin da kake gani a fim ba lallai ne can aka ɗauke shi ba

Mutane da yawa sun ɗauka idan labarin fim a New York yake, to can aka ɗauke shi. Sau da yawa ba haka ba ne. Rufe titi a babban birni sai da izinin hukuma, 'yan sanda da maƙudan kuɗi, shi ya sa masu shirya fim ke karkata zuwa Toronto ko Vancouver a Kanada, inda ake yi musu rangwamen haraji.

Ƙaramar tawaga ake turawa ta ɗauko dogayen gine-ginen ainihin birnin, hoton 'yan daƙiƙu kawai. Sauran aikin a wani gari ake yi: a sauya allunan tituna da lambobin mota, a shigo da tasi masu ruwan ɗorawa. Da daddare har tankar ruwa ake kawowa a jiƙa kwalta don fitilu su yi ƙyalli. Ɗakunan kuwa galibi a situdiyo aka gina su, da faɗin da ya wuce na gaske, don kyamara ta samu wurin juyawa.

Asiri kan tonu ne a abin da aka manta. Akwatin wasiƙun Kanada ja ne, na Amurka shuɗi, kuma layin taragon da ke tsakiyar titunan Toronto babu irinsa a yankin Manhattan na birnin New York a yau.