Bar mitsba da bat mitsba: ma'anarsu da wanda ya dace ya shirya bikin

Mutane da yawa da suka ga kalmar "bar mitsba" a intanet suna ɗauka sunan wata liyafa ce ta Yahudawa. A asali kalmar sunan yaron ce da kansa. "Bar" da harshen Aramaik na nufin ɗa, "mitsba" da Ibrananci kuma umarni. "Bat" 'ya ce, 'yar uwar kalmar "bint" ta Larabci. Wato yaron da umarnin addini ya hau kansa, abin da mu za mu kira mukallafi. Namiji yana kai wannan matsayi da shekara 13, mace da 12, ko da yake wasu ɗariku a Amurka sun mayar da ita 13. Ko an yi biki ko ba a yi ba, ranar da shekarun suka cika nauyin ya hau.

Abin da ke faruwa a majami'a, wato wurin ibadar Yahudawa, shi ne zuciyar lamarin. Ana kiran yaron gaban jama'a ya karanta wani sashe na Attaura da Ibrananci, bayan ya shafe watanni yana koyo. Daga ranar ana lissafa shi cikin mutum goma da sallar jam'insu ba ta yiwuwa sai da su. Uban yana karanta wata gajeriyar addu'a ta godiya, cewa an sauke masa alhakin laifin ɗan nan. Wannan addu'a tana taɓa ni ƙwarai, domin duk mahaifi ya san nauyin da ake magana a kai. Bikin 'yan mata, wato bat mitsba, bai daɗe ba: a shekarar 1922 aka yi wa Judith Kaplan, 'yar malami Mordecai Kaplan, a New York, kuma ita ake ɗauka ta farko a Amurka.

Sai walima. A biranen Amurka ta girma har ta zama sana'a, da masu shirya biki da ake biya su kama zaure, su nemo makaɗa da masu girki da mai hoto. A nan ne iyali ke iya yin kuskure, idan suka ɗauko wanda ya ƙware a bikin aure kawai.

Tambayar farko ita ce ko mai shirya bikin ya san Asabar. Hutun Asabar na Yahudawa, wato Shabat, yana farawa daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa fitowar taurari bayan faɗuwar rana ran Asabar, kuma masu riƙo da addini ba sa kiɗa, ɗaukar hoto ko kunna wuta a cikinsa. A lokacin bazara duhu ba ya shiga da wuri, don haka liyafar da ake yi bayan ƙarewar Shabat kan fara a makare. Wanda bai san wannan ba zai sa lokacin da rabin baƙi ba za su iya zuwa ba. Haka abinci: dokar kosha ta hana naman alade, ta hana haɗa nama da madara a ci ɗaya, wasu iyalai kuma ba sa yarda da girki sai akwai mai sa ido daga malamai. Ranar bikin ma da kalandar Ibrananci ake tsayar da ita, galibi majami'a ce ke bayarwa shekara biyu ko uku kafin lokaci, kuma akwai makonnin juyayi da ba a shagali.

Sauran al'adun masu sauƙi ne: rawar hora da ake ɗaga yaron a kan kujera, jifansa da alawa, da kyautar kuɗi a ninkin 18, domin haruffan kalmar "rai" a Ibrananci lissafinsu 18 ne. Wasu iyalai kuwa suna barin zauren gaba ɗaya, su tafi Bangon Yamma a Kudus, wurin ibada mai tsarki ga Yahudawa, ranar Litinin ko Alhamis, ranakun da ake fito da Attaura, yaron ya yi karatunsa a can.