Shirin ɗan dambe kafin shiga fili

Shirin dambe shi ne duk abin da ɗan damben gargajiya yake yi wa jikinsa da hannunsa da zuciyarsa kafin a sa zare, wato a fara karawa. A al'adar Hausawa dambe wasan mahauta ne. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, sukan bi gari gari suna neman abokan karawa, makaɗansu na biye da su. Yau akwai gidajen dambe na dindindin a Kano da Kaduna da Sakkwato da Dei-Dei a Abuja, kuma 'yan wasa sun kasu zuwa ɓangarori uku: Kudu da Arewa da Guramada.

Abin da ya bambanta wannan shiri da na damben Turawa shi ne, a tsarin gargajiya ɗan dambe yakan isa fili bai san da wa zai kara ba. A nan take yake zaga fili, ya miƙa wa wanda ya ga dama hannu. Wanda aka nema yana iya amsawa, yana iya nuna bai shirya ba, ko kuwa manyansa su hana shi idan sun ga ba tsararsa ba ne. Saboda haka ba wa mutum ɗaya ake yin shiri ba, ana yi ne wa duk wanda ya fito.

Horon jiki bai da wani sirri: gudu da sassafe, ɗaga nauyi, dukan buhun yashi, da gwaji da 'yan gida ɗaya. Yaro yakan tashi a hannun wani babban ɗan dambe, shi ya sa ake jin sunaye irin su Shagon wane ko Bahagon wane.

Ɗaurin hannu kuwa aiki ne na natsuwa, kuma ba kowa ake bari ya yi shi ba. Hannun da ya fi ƙarfi, wanda ake kira mashi, shi ake dunƙulewa a naɗe da ƙyalle, sannan a bi shi da igiya ana ja ana matsewa har ya yi tauri kamar dutse. Ɗayan hannun shi ne garkuwa, a buɗe ake barinsa don tare naushi da auna tazara. Idan ɗauri ya yi sako-sako naushi ba ya shiga, kuma yatsu na iya gocewa. Idan ya matse fiye da kima hannu ya yi sanyi tun ba a je ko'ina ba. Wasu sukan sa laya a tafin hannu kafin a naɗe.

Nan ne maganar asiri take shigowa. Guru a ƙugu, kambu a damtse, rubutun sha, da tsaga a hannun duka a cusa magani, duk sanannu ne a fagen. Malamai da dama suna ƙyamar wasu daga ciki, amma da wuya a ga ɗan damben da ya fito haka siddan. Ko maganin ya ci ko bai ci ba, yana hana gaban mai shi faɗuwa, yana kuma sa abokin karawa tunani.

Sai kiɗa. Kowane fitaccen ɗan dambe yana da takensa, kuma da ya ji kalangu ya kira shi sai tsuma ta kama shi, ya fito yana kirari, yana ambaton waɗanda ya kashe. Kisa a nan kayarwa ce: hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa. Waƙar da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa shahararren ɗan dambe Shago ta nuna yadda makaɗi yake ɗaga ɗan wasa har sunansa ya riga shi isa gari. Abin da 'yan kallo suke jira kisa ne, kuma turmi uku, wato zagaye uku, kawai ake da su. In an tashi babu kisa, kowa ya koma da gardamarsa.

Tun da tashar Dambe Warriors ta fara sa wasanni a YouTube a 2017, masu kallo sun ƙaru har a ƙasashen waje. Wasu masu shirya gasa yanzu sukan auna nauyin 'yan wasa, su haɗa su tun kafin ranar, su kuma duba ɗaurin hannu don kada a ɓoye wani abu a ciki.